Isnadin Hannu da Ƙafa

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da walimar auren ɗan Alhaji Sabo a unguwar Karmo ta Abuja ba. Ni mutum ne da ɗalibaina suka sani da tambaya guda: wa ya faɗa maka? Duk labarin da bai zo da isnadi ba, wato jerin waɗanda suka ruwaito shi, zarginsa nake yi (har farashin tumatir daga bakin uwargida).

Ana cin abinci aka shiga kukan tsadar Abuja. Wani matashi ya ce idan abu ya yi tsada ainun, Turawa kan ce ya ci hannu da ƙafa. Asalin maganar kuwa, in ji shi, telolinsu na dā kuɗin hannun riga daban suke karɓa, na ƙafar wando daban.

Na ajiye cokali. "Ma'anar na yarda da ita. Asalin fa, wa ya faɗa maka?"

"Alhaji Sabo ne, Malam."

Alhaji ya ce daga direbansa ya ji. Direba ya ce daga Bitrus tela. Zargina ya ƙaru. Na gyara rawani, na shaida wa jama'a cewa a ƙarshen irin wannan silsila maƙaryaci ake tararwa, kuma yau sai an san shi. Bitrus yana wurin, domin shi ya ɗinka kayan ango. Aka kira shi.

"Bitrus, wa ya faɗa maka?"

Ya dube ni, ya dubi jama'a. "Baba Malam, a bar maganan mana."

"Ba za a bari ba."

"Ai kai ne. Lokacin da ka zo Abuja sabo, ka kawo ɗinki, ka ce na yi tsada, na gaya maka yadda Turawa ke cewa. Ka ce ƙila telansu ne ya jawo, kaman ni. Tunda Malam ya faɗa, kowane kwastoma ina gaya masa."

Nan take na tuna. Raha ce na yi shekaru da dama baya, kalmar "ƙila" ta faɗi a hanya, sauran ya zama tarihi.

Alhaji Sabo ya yi gyaran murya. "To, Allah gafarta Malam, mene ne hukuncin wannan mai ruwaya?"

"Mai rauni ne," na ce, idona a kan shinkafa. "A daina karɓa daga gare shi."

Daga baya 'yata, wadda ta karanta Turanci, ta ce su kansu Turawan ba su tabbatar da asalin ba. Wasu na danganta shi da sojojin da suka dawo daga yaƙi babu gaɓoɓi. Ban tambaye ta wa ya faɗa mata ba. Har yanzu ina binciken isnadi, amma a ɓoye nake farawa, sai na tabbatar ba na cikinsa.