Ranar da Na Bi Kan Jirgi da Gudu

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na kai surukata tashar jirgin ƙasa, ko da kuwa na so in manta, don dangin mijina ba za su bar ni ba.

Mu a Gummi ba mu da layin dogo. Jirgin ƙasan da muka sani shi ne wanda 'yan siyasa ke kawo mana da baki lokacin zaɓe, su koma da abinsu bayan an gama ƙuri'a. To ni na taɓa zaman kwas ɗin ungozoma a Kaduna, kuma wata rana ina cikin Keke Napep na hango jirgi daga nesa yana wucewa. Iyakar sanina ke nan. Amma da na dawo gida, sai labarin ya yi ta ƙiba a bakina, har ya zama duk unguwarmu idan gardama ta tashi kan jirgi, sai a ce a tambayi Malama.

Sai ƙanwar mijina ta haihu a Abuja. Aiki ya riƙe maigidan, aka ce ni zan raka mahaifiyarsa suna. Ya ce mu hau mota kai tsaye, na ce ina! Inna da ciwon gwiwa? Mu tsaya Kaduna mu hau jirgi ta miƙe ƙafa. (Gaskiyar magana, hoto nake so in ɗauka a ciki.)

Tun daga Gummi har muka wuce Anka muka kai Gusau, karatu nake ba ta. Na ce mata sitiyarin jirgi ya kai faɗin tabarma, ƙarti biyu ke murza shi. Na ce masu wayo taragon farko suke shiga, bayan direba, don su riga kowa isa. Inna tana rungume da kwandon busasshen kifin da za ta kai wa mai jego, sai dai ta ce, "Awo, ɗiyata. Allah shi ƙara sani."

Muka kwana a Kaduna, washegari muka je tasha. Jirgin ya iso daga Abuja, mutane suka sauka, aka ce mu shiga. Da na ga kujerunmu a taragon da ke manne da kan jirgin suke, sai na kalli Inna irin kallon "ba na faɗa miki ba?"

Mun zauna ke nan sai na ji wani ƙarfe ya yi ƙara, taragon ya ɗan girgiza. Na leƙa. Jama'a, kan jirgin ne ya rabu da mu, yana tafiya abinsa shi kaɗai!

Mai hankali zai fara duba fuskokin mutane. Ni kuwa na miƙe na kurma ihu: "Ya tsinke! Jirgi ya tsinke! An tafi an bar mu!"

Kun san zaman ɗar-ɗar da ake yi a hanya yanzu. Ba wanda ya tsaya jin ƙarshen maganata. Tarago ya hargitse, masu manyan riguna da masu kwat suka yi ƙofa, wata mata ta suri ɗanta ta bar takalmanta. Inna, wadda sai an riƙe ta take hawa matakala, ban san yadda aka yi ta riga ni dira ba. Kwando ya kife, kifi ya watse a kan siminti.

Ni ban tsaya tsince shi ba. Na ɗaure mayafi a ƙugu na bi kan jirgin da gudu, ina ɗaga hannu: "Direba! Malam direba, tsaya! Ka bar mutane!" Na yi ta gudu har inda simintin tashar ya ƙare.

Can gaba sai ya tsaya. Ya ɗan jima, sannan ya fara dawowa da baya ta layin da ke gefe. Nan fa na ƙarasa kashe kaina. Na juyo wajen taron da ya yi cirko-cirko, ina haki, na daki ƙirji na ce, "Ku kwantar da hankalinku! Ya ji ni! Na dawo muku da shi!"

Kan jirgin ya zo daidai ni. Direban ya dube ni daga sama, ya ɗaga mini hannu cikin ladabi, ya wuce. Ya wuce taragonmu, ya wuce na bayansa, ya wuce duka, ya je can ɗaya ƙarshen aka maƙala shi.

Dariyar da ta tashi, har yau ina jin ta a kunnena. Kuma waɗanda suka fi kowa ƙyaƙyatawa su ne masu kwat ɗin nan da suka kusa tattake yara wajen fita. Wai su kullum suna hawa, sun san komai. To me ya fito da ku?

Wani jami'in tasha ya zo fuska a murtuke yana tambayar wa ya tada hankalin fasinjoji. Inna tana durƙushe tana tsintar kifinta, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Ɗiyata ce. Ita ad da sanin jirgi garinmu."

Ya dube ni, ƙafa ɗaya ba takalmi, sai fushinsa ya koma tausayi. Ya ce jirgi ba ya yin kwana kamar mota. Idan ya kawo ƙarshen tafiyarsa, sai a kwance kan, a canja masa layi, ya zagaya ya kama ɗaya ɓangaren, ya ja taragon zuwa inda aka fito.

Na yi fatan a tsaya nan. Sai Inna ta ce, "Yaro, to ƙartin nan biyu masu murza sitiyari, ba su gajiya da wanga zagaye?"

"Wane sitiyari, Hajiya? Jirgi ba shi da sitiyari. Dogo ne ke kai shi inda za shi."

Inna ta juyo ta dube ni a hankali. "Awo," ta ce. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Haka muka tafi a taragon ƙarshe, kowa na warin kifi, kowa ya san dalili. Ban ɗauki hoto ko ɗaya ba. A gidan suna kuwa, Inna da kanta ta miƙe a tsakar gida ta ɗaure mayafi a ƙugu ta kwaikwayi gudun da na yi, mai jego tana dariya tana riƙe ciki tana roƙon a bari.

Abin da na koya shi ne, rashin sani ba ya kashe mutum, muddin ya yi shi a zaune, bakinsa a rufe. Nawa da ƙafafu da maƙogwaro na yi shi, a gaban uwar miji.