Rasuwar Fensir Shunayya, Wanda Ba Ya Fita a Wanki

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushi kwance a ƙarƙashinsa, ni Tabita Baƙo ta Jushi nake sanar da rasuwar fensirina, Shunayya. Saura kaɗan in fasa rubuta wannan, don ni ba mai magana cikin mutane ba ce, karatuna ma a firamare ya tsaya. Amma dole a sanar da mutuwa, ko da ta maci amana ce.

Daga Samaru marigayin ya zo hannuna. Japheth, ɗalibin zane da nake yi wa ɗinki, shi ya ba ni kyauta, ya ce, "Tabita, wannan ya fi naki na kalar ruwa, na tawada ne." Kunya ta hana ni tambayar bambancin.

Gaskiya marigayin kyakkyawa ne. A bushe ba shi da wani haske, amma da ɗigon ruwa ya taɓa shi sai launinsa ya farka kamar an kunna fitila. Tsofaffin fensirana na kalar ruwa kuwa in sun sha ruwa sai su yi sanyi-sanyi. Har yanzu ina jin muryarsa a kan takarda, ƙir-ƙir-ƙir. Saboda shi na tura su ƙasan akwati.

Abin da ya ɓoye mini shi ne, su masu yafiya ne, shi ba ya yafiya. Na daɗe ina zana fure da su a kan yadi, in bi da zare, in wanke, layin ya tafi kamar ba a yi ba. Shi in ya jiƙa ya bushe, ya zauna ke nan har abada.

A kan farin mayafin teburin Jibin Ubangiji na gane halinsa. Zumuntar mata ta cocinmu a Sabon Gari ce ta ba da aikin, bayan shugabarsu Mama Janet ta tsaya mini a gaban masu cewa ni yarinya ce. Na zana 'ya'yan inabi da marigayin, na bi da farin zare, na jiƙa, na shanya, na tafi kasuwa. Da na dawo, kowane ɗan inabi ya zubar da hawayen shunayya har bakin yadin. Na sa sabulu, na sa lemun tsami, na dirza har fatar yatsuna ta saɓule. Ko gezau.

Ya rasu a ranar, bayan gajeriyar jinya cikin bokitin wankin. Ba zan ce da kansa ya faɗa ba. Ina tsaye har cikinsa ya narke, katakonsa ya tsage.

Ya bar 'yan'uwa cikin kwali a ɗakin Japheth, wanda da ya ji labari ya ce, "Au, ban gaya miki ba?" Ya bar tsofaffin fensiran nan, da suka karɓe ni ba gori.

Washegari da safe na naɗe mayafin na kai wa Mama Janet. Ta ɗaga shi a rana, ta daɗe tana kallo. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Ajiye nan, ɗiyata. Happiness tela za ta ɗinka mana wani." Na so a ce ta mare ni.

Za a binne shi ranar Asabar a bayan gidanmu, kusa da rariya. Ba waƙa, ba abinci. Damina ce, don haka masu zuwa gaisuwa kada kowa ya sa farin kaya. Ko a ƙarƙashin ƙasa ban yarda da shi ba.