Malam Arba'in Ya Rasu a Aljihun Kawu Modu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunya daidai gwargwado, ni Yagana Ajimi ta Gashuwa nake sanar da rasuwar Malam Arba'in, 'yar manhajar ƙirga lokaci da na rubuta da hannuna, layi goma sha tara, mazaunin burauza, wato manhajar shiga intanet, ta wayar Babana. Ya rasu yana da wata uku.

Aikinsa ɗaya ne. Manoma huɗu ke raba injin ban ruwa guda a fadamarmu, kowa minti arba'in. Marigayin yakan rage ɗaya duk sakan, ya nuna a fuskar waya da jan rubutu, in ya kai sifiri ya ce "tiiit", a miƙa wa na gaba tiyo. Bai san babba ba, bai san yaro ba. Tun zuwansa ba a ƙara cacar baki a kan ruwa ba, har Baba ya daina kiran karatuna na kwamfuta danne-danne.

Ciwon ajalinsa da shi aka haife shi, kuma laifina ne: ban koya masa duba agogon waya ba, da ka yake ƙirga. Ashe in fuskar waya ta mutu, burauza kan sa shi barci. Kawu Modu, ƙanin Baba, shi ya fara gano haka, bai kuma ga dalilin damun kowa da labarin ba. In layinsa ya zo sai ya jefa wayar a aljihu, wai kada ta jiƙe. Ranar Talata arba'in ɗinsa ta tashi daga hantsi ta kai azahar. Da aka zaro marigayin, saura minti talatin da ɗaya yake nunawa, tattasan Baba da ke jiran layi kuwa duk ya yi yaushi. Baba bai yi mini faɗa ba, tsohon agogonsa na hannu kawai ya nemo ya ɗaura. Wannan ya fi mini ciwo.

Ya rasu ya bar ni, da maɓallai biyu, Fara da Tsaya, da albasar Kawu Modu wadda ke cikin ƙoshin lafiya.

Za a goge shi ranar Asabar bayan la'asar, a bakin injin. Nan take za a gwada ƙanin marigayin, sabon da na rubuta, wanda ke duba agogon waya da zarar ya farka, in Baba ya yarda ya sake ba ni wayar. Ana roƙon Kawu Modu ya halarta da riga marar aljihu.