Rasuwar Gwaggo, Motar da Ta Daina Ɗiga

Da zuciya mai nauyin baƙin ciki, da hannun da har yau baƙin mai bai gama fita daga faratansa ba, ni autan gidanmu, a madadin mahaifiyarmu, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta da duk wanda ya taɓa sa kafaɗa ya tura ta, rasuwar motar gidanmu, wadda kowa ya sani da Gwaggo. Ta cika ranar Litinin da hantsi, a hawan gadar da ke kan hanyar asibiti, Mama na zaune a gaba, ni ina baya, babban Yayanmu na riƙe da sitiyari.

Ga wanda bai san asalin sunan ba, marigayi Baba ne ya raɗa mata. Ya ce ta riga mu zuwa gidan, kuma a cikin ƙannensa kaf ita kaɗai ce ba ta taɓa zuwa masa da ƙorafi ba.

Marigayiya mai haƙuri ce, mai rufin asiri. Ƙofarta ta baya ba ta buɗuwa sai ta waje, don haka ba ta taɓa yar da yaro a hanya ba. Da safe in an murɗa makulli takan ce kir, kir, kir, ta yi shiru kamar mai nazari, sannan ta ce gurum, duk layin ya san gari ya waye. Ita ta ɗauko mu daga asibiti muna jarirai. Ita ta kwaso kujerun matar Yaya da firjinta, sawu bayan sawu, ba a ko ce mata sannu ba. Ita ce kuma ta kai Baba asibiti tafiyarsa ta ƙarshe, ranar ba ta yi tari ko sau ɗaya ba.

Babban alherinta shi ne kujerar gaba. Gwiwar Mama ta dama ba ta lanƙwasuwa. Tun Baba na da rai ya ja kujerar baya har ƙarshe, tsatsa ta kama ta a nan, sai ta zama ita kaɗai ce mazaunin da Mama ke shiga ta miƙe ƙafarta ba tare da ta ciji leɓe ba. Duk mako Gwaggo ke kai ta gashin ƙafa, ta jira ta a inuwa, ta dawo da ita.

Gwaggo ta daɗe da ciwon yoyo, ba mu ɓoye wa kowa ba. Baƙin mai ke ɗiga daga ƙarƙashinta, ɗis, sai can an jima, ɗis. Baba ya san zaman da zai yi da ita. Yakan shimfiɗa mata kwali in ta kwanta, da safe ya zaro sandar giji ta auna baƙin mai, ya goge da tsumma, ya mayar, ya sake zarowa ya duba, ya ƙara mata abin da ta zubar daga galan. Yakan ce muddin tana ɗiga, to akwai abin ɗigar a cikinta. Da ya rasu ni na gaji galan da tsumman. Ban san inji ba, abin da na ga yana yi nake yi.

Ajali ya shigo gidanmu ne a cikin kwalaye, ranar da Yaya ya sa aka shimfiɗa wa tsakar gida tayil mai ruwan madara. Wata safiya iska ta janye kwalin, aka tashi da tabo kamar tafin hannu. Matar Yaya ta tsaya a kansa da tsintsiya ta ce, “Ko dai tsohuwar nan ta daina fitsarin kwance, ko ta nemi wani gidan.” Yaya, wanda shagon labule gare shi, ya ce ba sai an kira bakanike ba, shi zai duba ta da kansa.

Zan faɗi gaskiya don kar a ce baƙin ciki ya sa na zalunci kowa: binciken ya yi kyau. Ya ɗaga ta a jak, ya wanke injin tas da garin sabulu, ya bar shi ya bushe. Ya karɓo hodar jaririnsu ya barbaɗe injin har Gwaggo ta yi fari kamar mai aikin niƙa, sannan ya tayar da ita. Ba a jima ba baƙin layi ya fito a kan hodar, ɗaya daga murfin sama inda robar ta bushe kamar tsohon takalmi, ɗaya kuma, mai kauri, daga can baya inda inji ya haɗu da giya. Ciwo ya nuna kansa. Makaho ma da ya shafa zai ji.

Yaya ya leƙa can bayan, ya ga sai an sauke giya kafin a kai ga wurin, ya daɗe yana kallo. Da ya miƙe sai ya sanar da mu cewa ya gano cutar, kuma cutar ni ce. Wai ni nake ɗura mata mai fiye da cikinta. Ya ce, “Kofin da aka cika shi ke zuba.” Ya ɗaure notunan murfin har ɗaya ya ce ƙas ya karye, ya shafe wurin da gam, ya ɗauke galan ya kai ɗakinsa, makullin mota da na get kuma suka koma aljihunsa. Na ce, “Yaya, ko a riƙa ɗan duba giji?” Ya dafa kaina ya ce, “Auta, ni na goya ka. Je ka wanke hannunka.”

Marigayiya ba ta tafi ba sallama ba. Akwai wata 'yar jar fitila a gaban direba mai siffar buta, ita ce bakin da take cewa tana jin ƙishi. Ta kunna ta. Yaya ya ce wayoyin tsohuwar mota ne, ba su da aikin yi sai ƙarya, ya ɗauko sitikar shagonsa ya liƙe mata baki.

Daga nan ɗigar ta fara raguwa. Kullum da safe matar Yaya kan zaro kwalin ta ɗaga shi sama, tana nuna wa maƙwabta kamar sakamakon jarrabawar ɗanta. Tabon ya koma kamar kwabo, ya koma kamar ƙwayar wake. Ranar Litinin aka zaro shi a bushe, fes. Har ɗakin Mama ta kai shi tana cewa, “Mama, kin ga aikin ɗanki.” Mama ta daɗe tana kallon kwalin, sannan ta ce, “Gwaggo ta yi shiru? To, Allah ya sa lafiya.” Yaya ya ce yau shi da kansa zai kai Mama asibiti, don ta ji yadda mota ke tafiya in ta samu mai kula.

Mun fita layi tana ɗan ƙara kamar keken ɗinki, cak, cak, cak. Da muka hau titi sai ta koma ƙwan, ƙwan, ƙwan, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa yana neman a buɗe masa. Yaya ya ƙara muryar rediyo. A tsakiyar hawan gada ta ce gum, sau ɗaya, jikinta ya girgiza, shi ke nan. Warin ƙonannen ƙarfe ya cika mu. Bakaniken da ya zo ya zaro sandar giji, ya goga a tafin hannunsa, ko alama ba ta bari ba. Ya tambaya, “Wa ke jinyarta?” Yaya yana ta duba wayarsa.

Mama ta yi zaman jira a bakin titi, a kan bencin wata mai sayar da ruwa, rana na dukanta. Da aka samu tasi sai da muka lanƙwasa gwiwar nan da hannu kafin ƙofa ta rufu. Ba ta yi ƙara ba. Hawaye ne kawai suka riƙa sauka kan mayafinta, ɗis, sai can an jima, ɗis.

Gwaggo ta rasu ta bar tayar safaya wadda ba ta taɓa riƙe iska ba, da jak, da tsumman Baba. Ta bar galan, wanda aka samu a bayan kabad ɗin Yaya cikin ƙoshin lafiya, mai har wuya. Ta bar sitika, kuma lambar wayar da ke jikin sitikar tana shiga, ga mai bukatar labule. Ta bar Mama da gwiwarta, da ni. Yaya da matarsa ma suna nan da ransu, muna gode wa masu tambaya.

Na tambayi malamin unguwarmu ko ya halatta a roƙa mata gafara. Ya ce ƙarfe ba shi da hisabi, hisabi na masu hankali ne. Don haka muna roƙon jama'a su juya addu'ar zuwa inda aka fi bukatarta.

An jawo ta gida, kuma za a fitar da ita ranar Asabar da safe. Mai sayen tsofaffin ƙarafa zai zo da janwe, saboda haka waɗanda suka tura ta tana da rai an ɗauke musu wannan karon. Yaya ne zai buɗe get, don makullin har yanzu yana aljihunsa. Kafin a ɗaga ta za a kwance kujerar gaba bisa umarnin Mama, a ajiye ta a tsakar gida, a kan tayil, daidai inda marigayiya ke kwana. A nan Mama za ta zauna karɓar gaisuwa, kuma ta ce ba ranar tashi. Tabon man da ke kan tayil a gefen kujerar ta hana a wanke. Masu zuwa su yi haƙuri in ba su tarar da Yaya ba, ya rufe shago yana zagaya tasha neman tasin da kujerarta ke ja baya har ƙarshe, har yau bai dace ba.

Ba a bukatar kowa ya zo da komai. An riga an raba gado, ba a yi rigima ba. Ni na ɗauki tsumma. Kwalin kuma an bar wa matar Yaya, busasshe, fes, kamar yadda ta roƙa.