Gwarzon Ƙasa a Kujerar Baya

Jama'a, da kumburarren kunci nake rubuta muku wannan. Jiya Talata na fito da niyyar zuwa birni a cire mini haƙorin da ya hana ni shan rake sati biyu cur. Na shiga bas ɗin Mista Cuthbert a bakin tashar jirgin ruwa, muka taho lafiya lau har gadar kasuwar kifi, sai muka tarar an gindaya ƙarafa a titi, 'yan sanda sun sha fararen safar hannu. Wai an rufe hanya, ayarin tarbar gwarzon ƙasa zai wuce daga filin jirgin sama zuwa dandali.

Da farko ban ji haushi ba. Ai Kenroy Baptiste ya cancanta. Duk mun cika shagon aski mun kalle shi a talabijin, a tseren mita ɗari biyu na gasar duniya, wadda ake yi cikin rufaffen zaure. Zagaye ɗaya ne tak, kwanar a karkace kamar gefen kwano, kuma wanda aka jefa layin ciki sai dai a yi masa jaje. Layi na biyu aka ba shi, amma ya ƙwaci lambar tagulla. Yaron da a filin wasan kurket na bayan coci ya koyi gudu, awaki na kallonsa. Zauren wasanninmu kuwa, Mai Girma Uban Aza Harsashi ya aza harsashinsa har sau uku, kuma Allah shaida kowanne ya fi na baya kyau.

Awa guda muna zaune. Mis Verlin mai kifi, wadda bokitinta ke kan ƙafata, ta fara fifita da jarida.

"Mista Cuthbert, in ƙanƙarar nan ta narke, kai da fasinjojinka za ku sayi kifin nan, ko kuna so ko ba kwa so."

"Ni na rufe hanyar, Mis Verlin? Ki kai wa gwarzon ya saya."

Sai wata murya daga kujerar baya ta ce, "Ku yi haƙuri, Mama. Ban san abin zai kai haka ba."

Muka waiwaya. Wani dogon saurayi ne, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa, ya rungume jaka. Mis Verlin ta ƙura masa ido, ta dubi jaridar hannunta, ta sake dubansa, sai ta ƙwalla ihun da na ji shi har cikin haƙorina.

Shi ne. Kenroy ne da kansa.

Ashe jirgin saman da ke zuwa kai tsaye ya cika. Masu girma sha ɗaya ne suka raka shi gasar: akwai Shugaban Tawaga, akwai Mataimakinsa, akwai Mai Ba Mataimakin Shawara, har da wani bawan Allah da aikinsa riƙe tuta. Da aka zo dawowa kujera ɗaya ta kasa, aka duba wanda ya fi kowa ƙarfin jiki, aka ga ai shi ne. Aka biyo da shi ta tsibirai uku, ƙarshe ya kwana a jirgin ruwa tare da buhunan albasa. An ce masa mota za ta jira shi a tasha. Wataƙila tana can cikin ayarin, ta tafi tarbarsa.

Ni dai ban ga laifinsu ba. Tafa wa mai gudu a ƙasar sanyi ba ƙaramin aiki ba ne, dole mutum ya dawo a gajiye.

"Ba bikin ne ya dame ni ba, Baba," in ji Kenroy. "Mahaifiyata tun safe take dandali cikin rana, da kayanta na zuwa coci. Tana da hawan jini. Wayata kuma ta mutu. In ta ga sun sauko babu ni, ban san me zai same ta ba."

Nan take muka fito gaba ɗayanmu, muka raka shi wurin ƙarafan. Kofur ɗin da ke tsaye ya dube shi sama da ƙasa.

"Katin gayyata?"

"Yallaɓai, ni ne Kenroy."

"Yau kowa Kenroy ne. Kai ne na huɗu. Na uku ma da sanda ya zo."

Yaron ya zaro lambar tagullar daga cikin safa. Kofur ya juya ta, ya ce an sayar masa da irinta a kasuwa. Mis Verlin ta manna masa jaridar a hanci. Ya ce hoton ya fi wannan haske, kuma shi umarni aka ba shi: gwarzon yana cikin baƙar mota ta biyu.

Daga nesa muka fara jin jiniya. Ƙofar dandali tana can ƙarshen titi, bayan shataletale. Mista Cuthbert ya auna tazarar da ido, ya matso kusa da yaron, ya yi ƙasa da murya.

"Ɗana, wannan ai bai fi zagaye ɗaya ba. Kuma yau kai za ka zaɓi layinka."

Kenroy ya miƙa mini jakarsa. Kafin Kofur ya ce "kai!" ya tsallake ƙarfen.

Jama'a, talabijin tana cutarmu. Ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Takalmin roba ne a ƙafarsa, amma da ya kwanta a kwanar shataletalen nan sai da masu sayar da kwakwa suka saki addunansu. 'Yan sanda uku suka bi shi, biyu suka haƙura a gaban kantin magani. Kofur bai ko motsa ba. Ya cire hularsa ya ce, "Shi ne, wallahi. Waɗancan Kenroy ukun ba su yi haka ba."

Da yamma da na kai masa jakar, na tarar da mahaifiyar zaune a baranda da lambar a wuyanta, tana ɓare wake. Ta ce ta gan shi tun kafin jiniya ta iso, ya kama hannunta suka fice ta ƙofar baya, suka sha ruwan kwakwa, suka tafi gida. Babu wanda ya tare su. An yi jawabi bakwai, an yi rawa, an ci kaza, ba a lura ba ya nan ba.

Yau da safe jarida ta buga hoton bikin: masu girma reras cikin rigunan 'yan wasa, furanni a wuya. A ƙasa an rubuta, "Gwarzonmu, na uku daga hagu." Na sa tabarau na duba. Na uku daga hagu Ma'ajin Tawaga ne, zif ɗin rigarsa ya kasa haye tumbinsa. To, in dai wannan tumbin ne ya zagaye zaure cikin daƙiƙa ashirin, ni ma a sa sunana a gasar baɗi.