Ranar da Jin ɗin Don Anselmo ta Daskare

A duk Balfaraiso babu harshe irin na maƙwabcina Don Anselmo Kiroga. Mu 'yan unguwa Harshen Zinare muke ce masa, shi kuma ya ɗauka yabo ne. Mako biyu kacal ya taɓa yi a Landan, amma ya dawo da ilmin haɗa giyar martini da ya ishi ƙasar Chile baki ɗaya.

Kullum kafin abincin rana sai ya fito baranda da kwalbar giyar jin. Ƙanƙara, ɗigon giyar bermut, juyi talatin da cokali, ɓawon lemo, zaitun ɗaya. Kofi biyu, sai waƙa da tangaɗi. Ni da ke jin waƙar ta katanga na sha wuya.

Burinsa ɗaya, a ba shi kujerar shugaban kulob ɗin masu jiragen ruwa. Don haka ranar Lahadi ya gayyaci dattawa ukun da ke zaɓe. Da yake ya ji an ce manya a firiza suke kwantar da jin, shi ma tun Asabar ya kwantar da tasa.

"Ranku ya daɗe," in ji shi, "ni ko ido aka ɗaure mini, da kurɓi ɗaya zan faɗa muku gonar da aka tsinko 'ya'yan itacen da ke cikinta. Harshe baiwa ce, ba a saye."

Ya ɗauko kwalba, ya karkata ta da yanga. Ko ɗigo. Ya girgiza, ya bubbuga gindinta. Ta daskare kamar dutse.

"Alamar mai kyau ke nan," ya ce, gumi na keto masa.

Ɗaya daga cikin dattawan, tsohon kyaftin Don Ilario, ya gyara tabarau. "Abokina, shekara arba'in ina teku. Jin ba ta daskarewa. Ruwa ne ke daskarewa."

Matar gidan, Donya Remedios, ta ajiye farantin zaitun a hankali.

"Ruwan famfo ne, Anselmo. Tun Ista da likita ya hana ka sha, wata huɗu ke nan, nake cika maka ita."

Har tausayinsa na ji, na ɗan lokaci. Kujera dai Don Ilario aka ba. Abin da unguwa ke tambaya har yau shi ne, wata huɗun nan, me yake sa shi tangaɗi?