Jajayen Kifin da Na Rataye a Maamobi

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba a Maamobi, unguwarmu a Accra, ba, ko da kuwa tsufa zai kwashe mini sauran ranakun duka. Ina da shekara ashirin da shida a lokacin, na gama sakandare, na iya buga tafireta, kuma a ganina duk Zongo babu mai kai irin nawa.

Ƙanin mahaifiyata, Kawu Seidu, ya yi shekara ashirin yana aiki a jirgin ruwa. Da ya dawo, maimakon ya sayi trotro, motar haya, kamar kowane mai hankali, sai ya buɗe gidan kallon halittun teku a filin bayan gidanmu. Akwatunan gilashi biyar ne, da kwamin siminti inda wani ƙaton kunkurun teku mai suna Kaftin yake zaune. Mu 'yan Zongo teku na kusa da mu, amma yawancinmu a faranti muka san kifi, kusa da barkono. Shi ya sa da farko layi har bakin titi, musamman ranar Sallah. Kawu zai tsaya da hularsa ta jirgi yana ba da labarin kowace halitta, Kaftin kuma ya miƙo wuya ya karɓi abinci daga hannunsa, yara su yi ta ihu.

Daga baya gidajen bidiyo suka cika unguwa. Wa zai biya ya kalli kaguwa tana tafiya a karkace alhali ga 'yan Cana na tashi sama a lungu na gaba? Ga wahalar ɗauko ruwan teku a jarkoki, ga ɗauke wuta da ke tsayar da injin da ke hura wa kifi iska a ruwa. Akwai makon da baƙinmu uku ne, biyu daga ciki sun shigo fakewa ruwan sama. 'Yan uwa suka matsa wa Kawu ya rufe ya ba masu bidiyo hayar filin. Ba ya musu, sai dai ya je ya zauna bakin kwamin Kaftin ya yi shiru. Ina son mutumin nan, kuma shirunsa yana ci mini rai.

Don haka na naɗa kaina manaja (babu wanda ya roƙe ni). Dabarata ita ce mu daina jiran 'yan kallo, mu nemi makarantu su riƙa kawo ɗalibai aji-aji. Na buga wasiƙu goma sha biyu, aka amsa ɗaya. Shugabar wata firamare, Madam Akweley, ta ce za ta zo ranar Laraba ta gani da idonta. Kawu ya ce idan wannan ma bai yi ba, ya haƙura, zai miƙa makulli.

Ranar Litinin ya tafi Kumasi a duba masa yanar ido, ya bar mini wurin. Da hantsi aka ɗauke wuta, ba ta dawo ba sai bayan la'asar. Kaftin da kaguwa ko a jikinsu, amma jajayen kifayen nan uku na babban akwati, waɗanda su ne adon gidan, duk suka juya ciki sama. Ban gaya wa kowa ba. Na ce ai abu mai sauƙi ne, gobe in sauka bakin teku in sayo masu rai.

Talata da sassafe na ɗauki bokiti biyu na hau trotro zuwa Jamestown. Na tarar da kwale-kwale jere a kan yashi, maza na zaune suna ɗinkin koma, wasu na dara. Na tambayi wani tsoho yaushe masu kamu za su dawo. Ya dube ni, ya dubi bokitaina, ya ce da 'yar Hausarsa, "Yau Talata. Teku yana hutawa. Ba mutum ya shiga."

Na ce zan ninka kuɗi. Ya yi dariya har ya ajiye allurarsa, ya kira abokansa su ma su ji. A Accra aka haife ni, amma sai ranar na san masuntan ƙabilar Ga ba sa shiga teku ranar Talata. Kullum Kawu ne ke zuwa wurinsu, ni kuwa ina gida ina buga wasiƙu.

Mai hankali zai koma ya faɗi gaskiya. Ni sai na biya shagon masu sayar da kifin ƙanƙara na zaɓi jajayen kifi uku masu kyan ido. Washegari da safe na ɗauko farin zare a keken ɗinkin mahaifiyata, na cusa wa kowane kifi tsakuwa a baki don ya nutse, na ɗaure ƙayar bayansa, na rataye su a sandar da na gitta saman akwatin, na rufe da murfi. Da na kunna injin iska, kumfa ta riƙa kaɗa su a hankali. Wallahi na ja da baya na yaba wa kaina. (Har na yi tunanin ashe haka ya fi, tunda waɗannan ba sa cin abinci.)

Kawu ya iso da hantsi, an ɗiga masa magani, duniya duk hazo-hazo yake ganinta. Ya sa hularsa. Maƙwabta suka cika filin don a nuna wa baƙuwa muna da kasuwa. Madam Akweley ta zo da malamai biyu, doguwar mace mai tabarau, ta daɗe tana koyarwa a Nima, unguwar Hausawa, har Hausa ta zauna a bakinta. Ta ji daɗin Kaftin, ta yi tambayoyi a kan kaguwa. Sannan muka zo babban akwati.

Kawu ya dafa gilashin ya ce, "Madam, waɗannan su ne yarana. Ka gan su da wayo, in sun ji muryana suna zuwa."

Babu wanda ya zo. Madam ta sunkuya ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Suna da natsuwa ƙwarai. Yaushe aka kamo su?"

Da na yi shiru, da Kawu ya amsa da gaskiyarsa. Amma bakina ya riga ni. Na ce, "Jiya-jiyan nan, Madam. A gabana aka fito da su daga teku."

"Jiya Talata?"

"Talata, Madam."

Na ga kan Kawu ya juyo wajena a hankali. Madam ta cire tabarau ta ce, "Babana masunci ne, 'yata. Wanne kwale-kwale ne ya fita?"

Kafin in ƙirƙiro suna, ta ɗaga murfin, ta kama sandar ta ɗago. Kifaye uku suka taso reras suna lilo kamar shanyar wanki, tsakuwa ta faɗo daga bakin na tsakiya ta ce ƙwal a gindin akwatin. Wata maƙwabciyarmu mai sayar da waake, wato shinkafa da wake, ta ce, "Cale, wannan ai na miya ne!" Filin ya fashe da dariya. Ni kuwa na nemi ƙasa ta tsage, ta ƙi.

Kawu bai yi dariya ba. Ya miƙa hannu ya shafa kifin, ya ji zaren, ya tambaye ni a hankali, "Yarana sun mutu?" Na ce tun Litinin. Wannan tambayar ta fi dariyar mutane zafi, nan take hawaye ya zubo mini. Ya cire hularsa ya ce wa Madam ta yi haƙuri, an ɓata mata lokaci, yarinyar tsoron baƙin cikinsa ne ya sa ta. Sai ya juyo wajena ya ce, "Amma shekara ashirin ina teku, ban taɓa ganin kifi mai ladabi kamar naka ba." Har ni sai da na yi dariya cikin kuka.

Madam ta ce ba kifi ta zo nema ba, kifi ya cika Accra. Abin da ɗalibanta ba su da shi shi ne mutumin da zai sa su zauna shiru su ji labarin ruwan da ke bayan gidansu, kuma ta ga yadda malamanta suka saki baki suna sauraron Kawu. Za ta riƙa kawo aji ɗaya duk mako. Sharaɗinta guda ne: komai ya mutu, a gaya wa yara ya mutu, a kuma gaya musu dalili.

Kawu bai miƙa makulli ba. Wurin bai taɓa yin arziki ba, amma ya ƙara shekara shida, kuma duk ajin da ya zo ni ake turawa gaba in yi bayanin abin da ɗauke wuta ke yi wa kifi, yara na tambayata ko ni ce antin zare.

Abin da na koya shi ne, faɗin gaskiya ranar Litinin ya fi arha. Idan kuma mutum ya nace sai ya yi ƙarya a kan teku, to ya fara tambayar baƙuwar sana'ar babanta.